Idan ba a san dalilin hawan jini ba, da wace hujja ake shan maganinsa?

"Likita, ni malamar makaranta ce a Gusau. Shekara 6 ke nan mahaifiyarmu tana shan maganin hawan jini. Kwanan baya yayanmu ya raka ta asibiti, ya tambayi likita abin da ya jawo mata ciwon, likitan ya ce yawancin masu hawan jini ba a san takamaiman dalilinsa ba. Tun ranar Yaya ya kafe a kan a daina ƙwayoyin nan, a koma wurin wani mai magani da ya ce zai raba ta da ciwon gaba ɗaya cikin wata 3. Hujjarsa ita ce wanda bai san tushen cuta ba ba zai san maganinta ba, kuma likitoci kullum cikin sauya magana suke. Da sun ce wa marigayi babanmu yaji da yunwa ne suka sa masa gyambon ciki, yanzu sun ce ƙwayar cuta ce. Da kulorokwin ne maganin zazzaɓi, yanzu sun hana. Na rasa amsar da zan ba shi, don wani abin da ya faɗa gaskiya ne. Har ina ya kamata mutum ya yarda da ilimin kimiyya?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya jiƙan mahaifinku da rahama. Maganar yayanki ba shirme ba ce, na sha jin irinta a ɗakin duba marasa lafiya daga bakin mutane masu hankali. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani. Ilimin da yake cewa "ban sani ba" da bakinsa, yake kuma janye maganar da ya yi jiya, ya isa a ɗora lafiyar uwa a kansa? Sai kuma wanda ya fi gaggawa, Hajiya ta ajiye ƙwayoyinta ko ta ci gaba? Bari in fara da na biyun don kada ya nutse a cikin dogon bayani. Kada ta ajiye, ko na kwana ɗaya, sai da shawarar likitan da yake ganinta.

Abin da likitan nan ya gaya wa yayanki gaskiya ne, kuma na yaba masa da bai yi ƙarya don ya burge ba. A cikin mutum 10 masu hawan jini, kusan 9 ba za ka iya nuna abu guda ka ce ga mai laifin ba. Ragowar ɗayan ne akan sami dalili ƙarara, kamar ciwon ƙoda, ko wani ƙari a saman ƙodar da ke zuba sinadari fiye da kima, ko wani magani da mutum ke sha. Sai dai rashin sanin takamaiman dalili daban yake da rashin sanin komai. Mun san akwai gado a ciki, mun san shekaru suna sa jijiyoyin jini su yi tauri, mun san gishiri da ƙiba da zaman wuri ɗaya suna ingiza shi, mun san ƙoda ce ke riƙe da ragamar ruwa da gishirin jiki. Abin da ya gagare mu shi ne mu dubi Hajiya ita kaɗai mu ce wannan kason na gado ne, wannan na miya ne. Kamar gulbi ne da ƙoramu da yawa ke zuba a cikinsa. Ranar ambaliya ba wanda zai kamfaci ruwan ya faɗi ƙoramar da ya fito, amma kowa ya ga ya cika, kuma an san gidajen da zai ci.

Sauya maganar da muke yi

Batun gyambon ciki kuwa, yayanki ya taɓa mana wurin da ke ciwo. Lokacin da nake ɗalibi haka aka koya mana: tsamin ciki ne ya yi yawa, damuwa da yaji da zama da yunwa ke tayar da shi. Littattafanmu sun ce babu ƙwayar cutar da za ta rayu a tumbin mutum saboda tsananin tsaminsa. Ina tuna wani dattijo mai sayar da huluna da ya riƙa zuwa mana shekara da shekaru, kullum da kwalbar farin maganin ruwan nan a aljihun babbar rigarsa, bakin kwalbar duk ya yi ɓawo kamar alli. Mun hana shi yaji, mun hana shi goro, mun ce ya yawaita madara. Duk abin da muka ce ya bi, ciwon ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa maganin sati biyu zai iya raba shi da wannan wahala. Har yau idan na tuna shi nakan ji nauyi a ƙirjina.

A garin Perth na ƙasar Ostareliya, wani likitan ɗakin gwaji mai suna Robin Warren ya fara lura da wasu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa a naman tumbin marasa lafiya tun 1979. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a faranti tana ƙi, ashe don bayan kwana 2 ake zubar da farantan ne. A 1982 hutun Ista ya sa aka bar wasu suka ƙara kwanaki, da aka dawo sai ga ta ta tsiro. Manyan likitocin ciki na duniya suka ƙi karɓa. A 1984 Marshall ya kaɗa ƙwayar a ruwa ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka zura masa na'ura aka ga tumbinsa ya kumbura. Duk da haka sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa kashe wannan ƙwaya ga masu gyambon ciki. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Wannan labari bai wanke mu ba. Ya nuna masana ma suna da taurin kai, kuma taurin kan nan ya jinkirta wa dubban mutane waraka har fiye da shekara 10. Amma ki tambayi yayanki, wa ya kama kuskuren? Likitoci ne suka kama shi, da madubin ƙara girma da faranti da ƙidayar waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Hanyar da ta yi kuskuren ita ce ta tona shi, ta kuma rubuta shi a littafi don ɗalibai su karanta. Ni abin da ya sa nake amince wa wannan ilimi ke nan: yana da inda ake kai ƙararsa, kuma an sha yi masa hukunci ya karɓa.

Na kulorokwin wani abu ne daban, don ba kuskure aka yi ba. Maganin ya yi aiki na gaske shekaru masu yawa, ya ceci yara ba adadi. Ƙwayar zazzaɓin ce ta sauya. Waɗanda suka jure maganin suka rayu suka hayayyafa, har suka rinjayi sauran. An fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, daga baya ya zo mana. Mu da muke ɗakin yara mun gani da idonmu, a ba yaro cikakken magani, bayan sati ya dawo jiki zafi kamar wuta. A 2005 Najeriya ta koma ga haɗin magungunan atemisinin. Likitan da ya ci gaba da rubuta kulorokwin don kada a ce ya sauya magana, shi ne abin tsoro.

Shi kansa hawan jinin yana da irin wannan tarihi, kuma shi ne ya fi shafar Hajiya. A farkon ƙarni na 20 likitoci da dama sun ɗauka jiki ne yake ɗaga jini da gangan don ya tura shi ta jijiyoyin da suka tsufa, saboda haka saukar da shi haɗari ne. Sunan da aka raɗa masa a Turance ma yana nufin "wanda ake buƙata". Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi shekaru jininsa yana hawa a gaban likitocinsa. Ranar 12 ga Afrilun 1945 jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, awonsa ya kai 300 bisa 190, ya mutu yana ɗan shekara 63. Gardamar ba ta mutu da shi ba, sai da aka yi gwaji. A asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wani likita mai suna Edward Freis ya jagoranci bincike a kan maza 143 masu hawan jini mai tsanani. Aka raba su gida biyu da ƙuri'a, rabi aka ba su magani, rabi aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki, ba tare da sun san wacce suke sha ba. Sakamakon ya fito a 1967. A ɓangaren da ba a ba magani ba, mutum 27 suka gamu da babbar matsala irin ta shanyewar jiki, ciwon zuciya, lalacewar ƙoda ko mutuwa. A ɓangaren masu magani, mutum 2. Dole aka tsayar da gwajin tun kafin lokacinsa, don ci gaba da hana wasu magani ya zama zalunci.

Ki lura, Freis bai san tushen hawan jini ba, kamar yadda mu ma ba mu gama saninsa ba yau. Bai kuma buƙaci saninsa ba kafin ya ƙirga 27 da 2.

Ana sanin magani kafin a san dalili

A nan ne hujjar yayanki ta karye. Kakanninmu sun san taki yana gyara gona tun kafin wani ya ji sunan sinadarin da ke cikinsa. A 1747 wani likitan jiragen ruwa na Birtaniya, James Lind, ya nuna lemo yana warkar da cutar da ke ruɓar da dasashin matuƙa, amma sai wajen 1932 aka gano bitamin C, sinadarin da rashinsa ke jawo cutar. Farasitamol ɗin da ke kowane gida, har yau masana ba su gama daidaitawa a kan yadda yake kashe ciwo a jiki ba. Maganin da ake sa wa mutum ya yi barci a ɗakin tiyata an fara amfani da shi a bainar jama'a a 1846, kuma har yanzu ba a gama warware yadda yake ɗauke hankali ya maido shi ba. Ba wanda zai ce a yi masa aiki ido biyu saboda wannan.

Ga wani misali da ku mutanen Zamfara kuka fi ni sani. An gano ƙwayar sanƙarau tun 1887. Mun san tana zama a maƙogwaron mutane da yawa lafiya lau ba ta yi musu komai. Mun san annobar tana tasowa da rani, lokacin ƙura da zafi, ta yi ta ɗibar mutane, da zarar ruwan farko ya sauka sai ta kwanta. Me ya sa ruwan sama yake kashe ta haka? Akwai bayanai, cewa busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta kutsa cikin jini, amma ba a rufe wannan babi ba. Duk da haka rigakafin da aka fara a 2010 ya kusan share nau'in ƙwayar da ake kira A, wanda shi ya yi mummunar ɓarnar 1996. Sai kuma nau'in C ya taso, ya yi ɓarnar da kuka gani a 2017, aka koma aka haɗa sabon rigakafi mai kare nau'i 5, wanda Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara bayarwa a 2024. Haka aikin yake tafiya: a toshe inda aka sani, a sa ido a kan inda ba a sani ba.

Inda ilimin ya gaza da gaske

Ba zan yi miki adalci ba idan na tsaya ga kare sana'ata. Akwai giɓi na gaske, kuma wanda ya fi damuna shi ne yawancin binciken da muke dogara da shi a jikin wasu mutane aka yi shi, masu wani abinci da wani yanayi. Mun daɗe muna lura cewa wasu magungunan hawan jini da ke aiki sosai ga Turawa ba sa yin ƙarfi haka ga baƙar fata idan an ba su su kaɗai. Sai a 2019 aka wallafa wani gwaji da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashe 6 na Afirka, wanda ya nuna haɗin magungunan da ke ɗauke da wani mai suna amlodifin ya fi saukar da jini a jikin mutanenmu. Kafin wannan, da aron ma'aunin wasu muke aiki.

Na biyu a gidanmu yake. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a arewa maso yammacin Najeriya fiye da kusan ko'ina a duniya. A shekarun 1970 masu bincike a Zariya suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa. Haka aka koya mana, haka muka riƙa yi wa kakanni faɗa a ɗakin haihuwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga talauci, rama, hawan jinin masu ciki da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom, kuma bai tabbatar da cewa al'adun jego ne tushen ciwon ba. Har yanzu ina hana mai jego yawan kanwa saboda gishirin da ke cikinta, amma na daina magana da kakanni kamar na kama ɓarawo.

Akwai kuma iyakar da ba za ta gushe ba. Bincike yana magana ne a kan jama'a, ni kuwa mutum ɗaya ne a gabana. Zan iya ce miki a cikin mata 100 irin Hajiya, waɗanda suka riƙe magani ba za su kai waɗanda suka bari yawan shanyewar jiki ba. Ba zan iya ce miki Hajiya tana cikin waɗanda za su tsira ko da ba magani ba, ko tana cikin 'yan kaɗan da abin zai samu duk da magani. Ko a kan lambar da za a kira hawan jini masana ba su haɗu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan 140 bisa 90, ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka kuwa sun sauko da ita zuwa 130 bisa 80 tun 2017. Saɓanin a bakin iyaka yake. Babu masani ko ɗaya da ke jayayya a kan 180 bisa 110.

Shi kuma mai maganin

Ba na raina maganin gargajiya, don tarihi ba zai bar ni ba. Maganin zazzaɓin da ya maye gurbin kulorokwin daga wani tsiro dangin tazargade ya fito. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tattara girke-girken gargajiya sama da 2,000. Tsiron ya riƙa ba su sakamako yau da kyau gobe babu, har ta koma wani tsohon rubutu na ƙarni na 4 da ya ce a jiƙa shi a ruwa a matse a sha. Nan ta gane tafasawa ce ke lalata sinadarin. Ta sauya hanyar tacewa, samfuri na 191 ya yi aiki a 1971, ta fara gwadawa a jikinta kafin a ba marasa lafiya, a 2015 ta karɓi Nobel. Ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko ma, risafin, daga saiwar da masu maganin Indiya suka daɗe suna amfani da ita aka ciro shi a 1952. Zoɓon da muke sha, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan saukar da jini, idan ba a cika shi da sukari ba.

Amma ki dubi lissafin Tu Youyou da kyau. Girke-girke sama da 2,000, kowanne akwai wanda ya rantse yana aiki, kaɗan ƙwarai suka tsallake gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mutumin da ya yarda ilimin asibiti yana da iyaka, ya kamata ya yarda ilimin mai magani ma yana da tasa, ya auna su da mudu ɗaya. Yayanki ya tsananta wa likita tambaya, kuma ya kyauta. To ya kai wa mai maganin irin wannan tambaya. Me ke cikin gorar? Mutum nawa ya ba, nawa aka auna jininsu kafin da bayan wata 3, nawa suka daina dawowa, kuma ina suke? Cewar likita "ban san tushen ba" ba ta ƙara wa mai gora sani ko ƙwayar zarra. Abin da ya bambanta su a nan shi ne ɗaya ya faɗi inda saninsa ya tsaya, ɗayan ya yi alkawarin da babu wanda ya taɓa nuna ya cika shi.

Hawan jini kuma ya fi kowace cuta sauƙin yaudara, don ba ya ciwo. Wata asuba aka kawo mana wata baiwar Allah 'yar shekara 50 da ɗoriya a cikin a-daidaita-sahu, bakinta ya karkace, hannun dama yana lilo, tana son magana harshe ya ƙi. Ɗanta yana riƙe da baƙar leda. Da na buɗe sai ga katinta na asibiti, ga fakitin ƙwayoyi na wata 4 ko ɓallewa ba a yi ba, ga gorar ruwa da wani jiƙo ja-ja, gari ya kwanta a gindinta. Awonta 220 bisa 130. Yaron yana hawaye yana ce mini, "Wallahi Likita ta ji sauƙi sosai, ko ciwon kai ta daina." Kuma gaskiya ya faɗa. Ta ji daɗin jikinta, ƙafarta ta daina kumburin da ƙwayar ke sa mata, hankalinta ya kwanta don an ce mata ta warke. Jinin ne kawai bai ji wannan albishir ba. Yaron nan son uwarsa ne ya kai shi, kamar yadda na tabbata son Hajiya ne ke motsa yayanki. Ta rayu, amma ba ta ƙara ɗaga hannun nan ba.

Ƙari a kan haka, jiƙo da yawa ana haɗa su da kanwa, ita kuwa kanwa gishiri ce ta wani fanni, tana ɗaga jini. Wasu saiwoyin suna wahalar da ƙoda, ƙodar mai hawan jini kuwa da ma a gajiye take.

Abin da awo ba ya kaiwa

Akwai tambayoyin da ba na kimiyya ba ne tun asali, kuma likitan da ya ce nasa ne ya wuce gona da iri. Na'urata tana gaya mini ƙarfin bugun jini. Ba ta gaya mini ranar ajali, ko hikimar da ta sa aka jarrabi wannan aka bar wancan, ko abin da ya wajaba ɗa ya yi wa uwarsa. Ni ba malamin addini ba ne, bayanin wannan fage na malamai ne, amma abin da muka tashi da shi a makarantar allo da zaure ya ishe ni tsayawa. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 85, ba a ba mu daga ilimi ba sai kaɗan. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma ba wanda ya ce a daina karatun Muwaɗɗa saboda haka. Malamanmu har yau da "Allah ne mafi sani" suke rufe fatawa. Mu da muka gaji wannan tarbiyya bai kamata "ban sani ba" ta likita ta firgita mu ba. Hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, a wata ruwaya an ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. Ni a fahimtata wannan kira ne a ci gaba da nema da tantancewa. Addu'a da ƙwaya ba kishiyoyi ba ne, ban taɓa hana majinyaci addu'a ko rubutun sha ba, abin da nake roƙo kawai kada a ajiye ɗaya saboda ɗaya.

Abin da nake ba ku shawara

Ban ga Hajiya ba, ban san ƙwayoyin da take sha ba, ban san lafiyar ƙodarta ko sukarinta ba, don haka likitanta ne mai maganar ƙarshe a kan sauya magani. Amma kada ki shiga gardamar kimiyya da yayanki a gaban Hajiya, babba ne, idan ya ji an ƙure shi zai ƙara kafewa. Ki same shi ku biyu, ki fara da amsa masa abin da ya faɗa daidai, sannan ki ce tunda dukanku gani kuke so ba ji ba, ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awon jini ta dantse, ku sami ɗan littafi. A auna ta safe da yamma, tana zaune ta huta minti 5, ba ta sha shayi ko ta ci goro ba, a rubuta lamba da kwanan wata. Ki ba shi riƙon littafin. Mutumin da ya ga lambobin nan da idonsa sati biyu a jere, da wuya ya yarda a yi caca da su.

Ki kuma bincika a hankali ko akwai abin da ke ƙarƙashin maganar. Sau da yawa idan na tona, sai in tarar kuɗin magani ne ya yi nauyi, ko ƙwayar tana kumbura ƙafa, ko tana sa busasshen tari, ko yawan fitsari yana karya wa tsohuwa alwala tana jin kunyar faɗa. Duk waɗannan suna da gyara, akwai magunguna iri-iri kuma akwai masu sauƙin kuɗi. Idan Yaya ya nace sai an gwada na mai maganin, ku ɗauki gorar ku kai wa likita ya gani, ku gaya masa gaskiya, a duba ƙodarta kafin a fara, ƙwayoyinta kuma suna nan ba a taɓa su ba. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba bai kai giram 5 a yini ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. A kuma kiyaye magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake saye a kemis, suna ɗaga jini.

Idan kuwa wata rana kuka ga bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ta yi kukan matsanancin ciwon kai ko ƙirji, ko numfashi ya gagara, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, kada a ɗura mata komai a baki. A sa ta a mota a nufi asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, a tafi da littafin awon da ƙwayoyinta duka.